Azumi Ne Ko Ciwo? Magana Kan 'Ya'yanmu Mata Da Ke Manyan Makarantu

  

'Yan'uwa mazauna Sabo da kewaye, alhamdu lillahi, 'ya'yanmu mata sun rungumi karatu. A da in aka ce 'yar Sabo tana Jami'ar Ibadan sai a yi ta mamaki. Yau ga su nan a can, ga su a Poli ta Sango, wasu suna koyon aikin jinya, wasu sun tafi Legas da Ife da Ilori. Sai dai karatun ya zo da wasu abubuwa da iyayenmu ba su san su ba, kuma ɗaya daga ciki za mu taɓo yau: yarinya ga abinci a gabanta, ba ta rasa ba, amma ta ƙi ci har jikinta ya soma lalacewa.

Ga tambayar. 'Yarka ta dawo hutu duk ta zabge. In an zubo tuwo ta ce tana azumi. Litinin da Alhamis azumi, ta haɗa da Talata da Laraba, magariba ta yi ta kurɓi ruwan shayi ta ce ta ƙoshi. To, yaba mata za ka yi, ko hankalinka ne ya kamata ya tashi? In kuma ta bayyana cewa tsoron ƙiba ne ya ɓuya a bayan azumin, mai laifi ce da za a yi wa faɗa, ko marar lafiya ce da za a nema wa magani? Amsar da uba ko uwa suka bayar a nan tana iya zama sanadin tsirar yarinya ko halakarta.

Kafin mu shiga, mu ware abu ɗaya. Akwai yunwar rashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kwanon shinkafa da na wake suka koma a kasuwar Bodija. Ɗalibai da yawa sau ɗaya suke ci a wuni, har suna yi wa abin laƙabi da "sifili, ɗaya, sifili", wato babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Wannan maganinta kuɗi ne da garar abinci, kuma nauyi ne a kan iyaye da masu hali a cikinmu. Wadda muke magana a kanta daban ce: ko ka cika mata ɗaki da kayan abinci ba za ta ci ba.

Wane irin ciwo ne?

Likitoci sun daɗe da sanin sa. A 1873 wani likita a Landan mai suna William Gull ya bayyana halin wasu 'yan mata da suka daina cin abinci ba tare da an sami wata cuta a cikinsu ba, shi ne ya raɗa masa sunan da ake kira anoreksiya. Mai wannan ciwo tana tsoron ƙiba tsoro mai tsanani. Ƙasusuwanta a waje, amma in ta dubi madubi ƙiba take gani. Gashinta yana zubewa, al'adarta tana iya ɗaukewa, tana jin sanyi ana tsakar zafi, ƙashinta yana rauni, bugun zuciyarta yana raguwa. A cikin cututtukan da suka shafi tunani, yana cikin waɗanda suka fi kisa.

Akwai na biyu, bulimiya, wanda wani likitan Ingila, Gerald Russell, ya fayyace a 1979. Ita wannan takan ci abinci mai yawa a ɓoye, cin da ba ta iya tsayar da shi, sannan kunya da nadama su rufe ta, ta nemi fitar da shi ta hanyar amai ko maganin gudawa. Ba lallai ta rame ba, shi ya sa ake shekaru ba a gane ba. Amma ruwan ciki mai tsami yana cinye mata haƙora, gefen kumatunta yana kumbura, sinadarin fotasiyam yana raguwa a jininta, wanda hakan kan rikita bugun zuciya har ta tsaya. Gimbiya Diana ta Ingila, da duk dukiya da sarauta, ta faɗa da bakinta a hirar talabijin a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da shi. Na uku kuwa shi ne cin da ba a iya tsayarwa, ba tare da fitarwa ba, a bi shi da baƙin ciki da ƙyamar kai.

Me ya sa 'yan jami'a? Shekarun da ciwon ya fi kamawa ke nan, daga balaga zuwa ashirin da 'yan kai. Yarinya ta bar gidan da ake haɗuwa a kwano ɗaya, ta koma ɗakin kwanan ɗalibai inda babu mai lura ko ta ci ko ba ta ci ba. Ga fargabar jarrabawa, ga kewar gida, ga zama cikin mutanen da ba yarenta ba, wataƙila ita kaɗai ce mai hijabi a ajinsu. Komai ya fi ƙarfinta, abu ɗaya ne ya rage a hannunta: abin da za ta sa a bakinta. Sau da yawa kuma yarinyar kirki ce yake kamawa, mai ƙoƙari, mai son komai nata ya fita ba aibi, wadda ba ta taɓa ba iyayenta ciwon kai ba.

"Ai wannan ciwon Turawa ne"

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce: ƙoshi ne ya yi musu yawa, mu da muke neman na sawa a baki ina ruwanmu da wannan? Ai mu a al'adarmu mace mai jiki ake so.

To, ku ji abin da ya faru a tsibirin Fiji. Mutanen can su ma mace mai jiki suke yabo, in baƙo ya zo sai an cika shi da abinci, kamar dai mu. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu. Wata mai bincike daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a lokacin, ba ta sami ko ɗaya da ke janyo amai don rage jiki ba. Da ta koma a 1998, sai ta tarar kusan 11 cikin 100 suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ne kawai. Mu kuwa abin da ke hannun 'ya'yanmu ya fi talabijin, don da shi suke kwana da shi suke tashi. A 2021 wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook suka fito fili, inda binciken kamfanin da kansa ya nuna Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Hotunan da suke kallo an tace su, an rage nan an ƙara can, yarinya tana gwada kanta da jikin da ko mai shi ba ta da shi.

A nan garin ma kunnuwanku sun sha jin "lepa" da "orobo", wato siririya da mai ƙiba. A bakin titi ake jefa wa mace su, a cikin mota, a cikin aji. Wasa ne a wurin mai faɗa, amma wadda aka faɗa wa da shi take kwana.

'Yarmu kuwa wuta biyu ce take cin ta. A makaranta a ce mata orobo, ta shiga shan shayin rage ƙiba da ake tallarsa a waya. Ta dawo gida, gwaggo ta dube ta ta ce, "Ke kuwa wa zai aure ki haka kamar sillen kara?" Sai a nemo mata abin da ake kira sha-ka-fashe. Ku sani, yawancin waɗannan ƙwayoyin ƙiba magungunan wasu cututtuka ne daban. Akwai sifroheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Akwai deksametason, wanda yake kumbura fuska ya tara ruwa a jiki, in an daɗe ana sha ya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi, ya karya garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe a kansa in ta yanke shi farat ɗaya nan ma haɗari ne, sai da likita. Mai ƙin ci da mai shan sha-ka-fashe tushensu ɗaya: an koya musu cewa jikin da Allah ya ba su bai yi ba sai an gyara.

Ina addini ya tsaya?

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin mu mutane ne masu girmama azumi da kame kai. An karantar da mu hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya nuna ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, aka kuma raba cikin uku: abinci, abin sha, numfashi. Muna jin labarin bayin Allah masu gudun duniya da ƙarancin ci. Hausawa ma sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Saboda haka in yarinya ta ce tana azumi, bakin uba ya mutu. Wa zai hana ɗansa ibada?

Amma mu duba yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da masu wuce iyaka. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi saurayi ne mai ƙarfi, ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka. Da labari ya kai ga Annabi bai yaba masa ba. Kiran sa ya yi, ya nuna masa cewa jikinsa yana da hakki a kansa, idonsa yana da hakki, iyalinsa suna da hakki. Ya ce ya yi kwana uku a wata. Abdullahi ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha, aka ce masa babu abin da ya fi wannan. Da tsufa ya zo masa, shi da kansa ya yi fatan da ya karɓi sauƙin da aka ba shi tun farko. Haka Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, ya tarar yana azumi ya yi watsi da gidansa, ya ƙi cin abincin da aka kawo masa har sai da mai gidan ya ci tare da shi, kuma da aka kai maganar gaban Annabi ya gaskata Salmanu. Ya kuma hana sahabbai azumin ɗore, wato a haɗa kwana biyu ko fiye ba buɗa-baki. Duk wannan yana cikin Buhari.

Ku lura da kyau: waɗannan don Allah suke yi tsantsa, amma aka tsayar da su saboda hakkin jiki. To ina ga wadda sikelin awo ne ya sa ta? Ayar nan ta 31 a Suratul A'araf da ta hana almubazzaranci, sai da ta yi umarnin a ci a sha kafin ta yi hanin. Hadisin kashi uku ma ai ya ba abinci kashinsa, bai ce a bar wurin fayau ba. Aya ta 195 a Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, ta 29 a Nisa'i ta hana mu kashe kanmu. Jiki amana ce aka ba mu, da shi ake ruku'u da sujada, da shi ake neman ilmin da aka tura ta nema. Mai riƙon amana ba shi da ikon lalata ta don ba ta yi masa kyau a ido ba.

Yaya za a bambance azumin ibada da na ciwo? A duba magariba. Mai azumi don Allah tana ɗokin buɗa-baki, tana cin dabinonta da kununta da farin ciki, ta tashi sahur, domin duk sunna ne. Mai ciwo kuwa kiran sallar magariba tashin hankali ne a wurinta. Za ta yi ta juya cokali, ta ce za ta ci a ɗaki, sahur kuwa ba a maganarsa. Azumi yana sa mutum ya manta da cikinsa ya tuna Ubangijinsa. Wannan ciwo yana sa ta wuni ba abin da take tunani sai abinci da kilo, har a cikin salla.

Laifi ne ko jarrabawa?

Wani zai ce, to tunda haramun ne cutar da kai, ai mai laifi ce, a yi mata wa'azi ta tuba ta ci abinci. Da abin ya tsaya nan da an huta.

A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, an yi wani gwaji da maza 36, lafiyayyu masu hankali da suka yarda da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Me ya faru? Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi da ƙin shiga mutane, baƙin ciki ya rufe su. Da aka sake su, wasu suka dinga ci ba sa iya tsayawa. Maza ne fa, ba ruwansu da madubi ko neman miji. Yunwar ce da kanta ta juya musu tunani.

Abin da wannan yake nuna mana shi ne, ko da yarinya da zaɓinta ta fara, wataƙila don wata magana da aka yaɓa mata, in abin ya yi nisa zaɓin yana suɓuce mata. Ƙwaƙwalwar da za ta ji wa'azin ita ce yunwa ta raunana. Ce mata "ki ci mana" kamar ce wa mai zazzaɓi ne ya daina rawar sanyi. Allah kuwa, kamar yadda ƙarshen Baƙara ya nuna, ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka mu a ganinmu marar lafiya ce. Abin da ya rage a wuyanta shi ne ta faɗi gaskiya in an tambaye ta, ta kuma yarda a yi mata magani. Sauran nauyin yana kan masu lafiya.

Babban kason nauyin nan kuwa na harshe ne. Aya ta 11 a Hujurat ta hana izgili, ta ambaci mata a kan mata musamman, ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Uwar Muminai A'isha ta taɓa nuni da cewa Safiyya gajera ce, Annabi ya nuna mata cewa kalmar da ta faɗa da za a gauraya ta da ruwan teku da ta gurɓata shi. Sahabbai sun yi dariyar sirantakar ƙafafun Abdullahi ɗan Mas'udu da iska ta yaye masa tufafi yana kan bishiya, Annabi ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. To a auna wannan da gaisuwar gidan biki: "Ke, irin wannan ƙiba!" ko "Wai ba a ba ki abinci a makarantar ne?" Da samarinmu masu zaman bakin titi suna ba duk macen da ta wuce maki. Da masu neman aure da ke aika wa yarinya hoton wata su ce haka suke so ta koma. Magana zarar bunu ce. Kai ka manta kafin la'asar, ita tana iya shekara biyar tana biyan kuɗin kalmarka da jikinta.

Abin yi

Iyaye mata, ku ne a gaba. Ku lura in 'yarku ta daina zama a kwano tare da 'yan'uwanta, ko kullum ta ce ta riga ta ci, ko tana shiga banɗaki da zarar an gama cin abinci, ko tana girka wa kowa ita ba ta taɓawa, ko jiri yana ɗibar ta, ko al'adarta ta ɗauke. Kada a tara mata jama'a, kada a yi mata gori da yunwar da wasu ke ciki, ta sani, kuma sanin yana ƙara mata ƙin kanta ne. A keɓe da ita a ce, "'Yata, na ga kamar wani abu yana damun ki, faɗa mini." Wataƙila ta musa a karon farko, ɓoyewa tana cikin ciwon. A sake komawa.

Kada kuma a ɗaure ta a yi mata ɗura. Jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka cika shi da abinci lokaci ɗaya, gishirin jini yana iya rikicewa har zuciya ta tsaya. A hankali ake mayar da ci, a ƙarƙashin kulawar likita. Muna da asibitin koyarwa na UCH a nan kusa da mu, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara kan abinci. Akwai asibitin Aro a Abeokuta, akwai na Yaba a Legas. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka, kuma tsoron kada a ji a fasa aurenta bai kai tsoron a rasa ta ba. In ta suma, ko tana jin bugun zuciyarta yana tsalle, ko ta fara maganar gajiya da rayuwa, ranar za a tafi, ba sai gobe ba. Ana warkewa, kuma wadda aka kai da wuri ta fi saurin samun kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu cewa aljanu ne ko sammu, ba mu hana addu'a da ruƙiyya ba, Alƙur'ani waraka ne. A yi addu'ar a kuma je asibitin, domin wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani.

Game da azumi, uba yana da damar dakatar da 'yarsa daga na nafila in ya ga yana cutar da ita, kuma yin hakan tausayi ne. Na Ramadan kuwa, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya, malamanmu na Malikiyya ma sun ce in ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumin wajibi ne. Sananne ne kuma cewa janyo amai da gangan yana karya azumi. Wadda ke cikin wannan hali ta ji ta bakin likita, sannan a zo wurin Malam Liman a ji hukunci. Ƙofarsa a buɗe take, kuma sirrinku ba zai fita ba.

Ku kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke makaranta, in wannan takarda ta iso hannunku: wadda ta ga kanta a cikin abin da muka faɗa, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙarancin imani ne ya jawo miki ba. Ki faɗa wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, mahaifiyarki, ko yayarki, ko malamar Islamiyya, ko likitan asibitin makaranta. Wadda kuma ta ga haka a ƙawarta ta ɗaki, kada ta ce ba ruwanta. Rufa asirin da zai kai mutum kabari ba amana ba ce. Muslim ya ruwaito cewa Allah ba surarmu da dukiyarmu yake dubawa ba, zukatanmu da ayyukanmu yake dubawa. Iyayenku sun tura ku ne ku dawo da ilmi, kuma suna so ku dawo da ranku da lafiyarku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya tsare mana zuri'armu, ya ba su ilmi mai amfani, ya kiyaye harsunanmu daga cutar da bayinsa. Amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci